Tarihin Muhammadu Alwali, Sarkin Kano na ƙarshe daga gidan Kutumbawa

A garin Burum-Burum da ke cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada ta yanzu, a kudancin jihar Kano, nan ne sarautar da ta samo asali tun daga Bagauda ta zo ƙarshe, a lokacin da mayaƙan jihadi suka kashe Sarkin Kano Muhammadu Alwali na Biyu a shekara ta 1807.

Shi dai Muhammadu Alwali shi ne sarki na 43 a jerin sarakunan da littafin Tarihin Kano ya lissafa. Ya hau gadon sarauta a shekara ta 1781, ya kuma yi shekaru 27 yana mulki bisa lissafin littafin, uku daga cikinsu a fagen fama. Mahaifinsa shi ne Sarkin Kano Yaji na Biyu, sunan mahaifiyarsa kuwa Baiwa. Daga kansa ne aka rufe babin mulkin sarakunan Haɓe a Kano, bayan sama da shekaru 800.

Gidajen sarauta uku

Masana tarihi kan kasa waɗannan shekaru gida uku, ko da yake dukkan sarakunan suna danganta kansu ne da kaka guda.

Gida na farko shi ne na Bagaudawa. An ƙiyasta cewar Bagauda ya fara mulki a shekara ta 999, ya kuma rasu a 1063. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ganuwar birnin. A zamanin Sarki Yaji na Ɗaya kuma, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali, addinin Musulunci ya shiga fada.

Gida na biyu shi ne na Rumfawa, wanda ya ɗauki sunansa daga Muhammadu Rumfa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ne ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi da majalisar nan ta Tara ta Kano, a zamaninsa ne kuma Shaihu Muhammadu al-Magili ya sauka a birnin, ya rubuta masa nasiha a kan sha'anin mulki.

Gida na uku shi ne na Kutumbawa, wanda ya faro daga Sarki Kutumbi a shekara ta 1623. Sunan yanka na Kutumbi shi ma Muhammadu Alwali ne. Ke nan da Alwali aka buɗe wannan gida, da Alwali kuma aka rufe shi. Kutumbi jarumi ne da ya yi ta gwabzawa da Katsina har zuwa rasuwarsa a 1648, kuma shi ne aka ce ya fara karɓar jangali daga hannun Fulani makiyaya. Wannan haraji na shanu na daga cikin abubuwan da suka dawo suka addabi jikokinsa bayan shekaru kusan 180.

Ƙasar da ya gada

Ƙarni na 18 ya zo wa Kano da arziki da kuma tashin hankali a lokaci guda. Fatake na shigowa daga arewacin Afirka da Borno da Gwanja, masaƙa da marina da majema na samun kasuwa. A hannu guda kuma yaƙi bai taɓa nisa da ƙofar birni ba. Bayan hare-haren Kwararrafa na ƙarni na 17, sai ga Zamfara, daga bisani kuma Gobir.

Yaƙi kuwa na cin dukiya, dukiyar kuma daga jikin talaka take fita. Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, ya ƙirƙiro hanyoyi bakwai na tara kuɗin shiga, ciki har da harajin kasuwa da na aurar da budurwa. A zamaninsa ne aka ce kuɗin wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ɗansa Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ya matsa wa 'yan kasuwar Kurmi lamba har kasuwar ta kusa mutuwa, Larabawa da dama suka tattara nasu ya nasu suka koma Katsina, talakawa suka watse zuwa ƙauyuka. Hatta malamai bai ƙyale su ba, sai da ya ɗora musu haraji. Alhaji Kabe da ya gaje shi ya shafe shekaru goma yana fafatawa da Sarkin Gobir Babari.

An samu sararawa a zamanin Yaji na Biyu, mahaifin Alwali, wanda ya yi sarauta daga 1753 zuwa 1768, aka kuma san shi da haƙuri da son zaman lafiya. 'Ya'yansa uku ne suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, sarki mai zafin hannu wanda ya danne hakimansa, ya kuma fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron lafiyarsa. Daga cikin garuruwan da ya kai wa yaƙi har da Burum-Burum, wanda ya ci da ƙarfin tsiya. Na biyu shi ne Dauda Abasama, daga 1776 zuwa 1781. Alwali ne na uku.

Yunwa da batun Dirki

Da hawansa gadon sarauta, abin da Alwali ya fara mayar da hankali a kai shi ne tara gero da dawa a rumbuna, saboda gudun yaƙi ko fari. Wannan na nuna mutum ne mai hangen nesa, wanda ya san irin halin da ƙasarsa take ciki. Amma duk da wannan tanadi sai da yunwa ta auka wa Kano a zamaninsa.

Abin da aka fi tunawa da shi game da mulkinsa, kafin zuwan jihadi, shi ne batun Dirki. Dirki wani abu ne da aka nannaɗe da fatu, wanda fadar Kano ta riƙe a matsayin abin tsarin gari tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618. A al'ada akan yanka masa shanu, ana kuma ganin zaman lafiyar sarki da na birni na rataye da shi.

Sarakunan fada sun nemi Alwali ya ba da shanu 40 domin Dirki, shi kuwa ya ƙi. Da suka gargaɗe shi cewar duk sarkin da ya hana waɗannan shanu wani mugun abu na iya samunsa, sai ransa ya ɓaci, ya tura samari da gatura suka sassare fatun har sai da abin da ke ciki ya bayyana. Abin da aka tarar shi ne Alƙur'ani mai kyawun rubutu.

Wannan lamari ya raba kan jama'a. Ga masu riƙo da al'adar fada, sarki ya karya abin da ke tsare da gidansu, har ma ruwayar baka ta ce an yi ta faɗin cewar kamar yadda ya fitar da Alƙur'ani daga cikin Dirki, haka shi ma za a fitar da shi daga Kano. Ga malamai masu neman gyara kuwa, abin da ya yi bai isa ya wanke fadar daga zargin zalunci da gauraya addini da al'ada ba. Ta haka Alwali ya rasa amincewar wasu daga cikin na kusa da shi, bai kuma samu ta abokan hamayyarsa ba.

Ɓarkewar jihadi

A watan Fabrairun 1804 ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Yunin wannan shekara kuma jama'arsa suka yi galaba a kan rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto. Bayan haka Shehu ya aike wa sarakunan ƙasar Hausa da wasiƙu, yana bayyana musu dalilan rikicinsa da Gobir, yana kuma kiransu da su goyi bayan gyara. Sarkin Zazzau Jatau ya amsa kiran. Kano da Katsina ba su amsa ba.

Ruwayoyin da masanin nan M. G. Smith ya tattara a littafinsa na tarihin mulki a Kano, wanda aka buga a 1997, sun nunar da cewar da farko Alwali ya so ya karɓi wasiƙar hannu biyu, amma Ciroma Ɗan Mama, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin hakimansa, ya hana shi. Waɗannan ruwayoyi sun kuma ce shi Ciroman ne daga baya ya ƙulla yarjejeniya a asirce da masu jihadi.

A ƙasar Kano akwai almajiran Shehu da magoya bayansa a sassa daban-daban. Akwai Sulluɓawa ƙarƙashin Malam Jamo a yankin Kiru, da Joɓawa ƙarƙashin Malam Bakatsine ta wajen gabas, da Yolawa ƙarƙashin Malam Jibir da Malam Abdurrahman, da Danejawa ƙarƙashin Malam Ɗanzabuwa, ga kuma Dabon Dambazau da Ɗan Tunku ta arewa. Ba Fulani kaɗai ba ne, domin akwai malamai Hausawa a cikinsu, irin su Malam Usman Bahaushe. Koke-kokensu sun haɗa da yawan haraji, da jangali, da ƙwacen dukiya, da hukuncin da bai dace da shari'a ba.

Su ma sun yi tasu hijirar, inda suka taru a Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birnin. Rundunar farko da sarki ya tura musu ba ta yi nasara ba, haka ma waɗanda suka biyo baya. Kowace nasara kuwa ƙara musu mabiya da dawaki da makamai take yi. Sun ci Ƙaraye, daga nan yaƙin ya bazu zuwa gabas da arewa. Littafin Taƙyidul Akhbar, wanda Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, na daga cikin manyan madogarai game da yadda waɗannan yaƙe-yaƙe suka gudana, sai dai ya ba da labarin ne ta fuskar waɗanda suka yi nasara.

Daga Ɗanyaya zuwa Burum-Burum

Gwabzawar da ta yanke hukunci ta auku ne a Ɗanyaya, arewa da birnin Kano. A nan Alwali ya fito da kansa, tare da gudummawar mayaƙa daga Katsina da Daura, domin sarakunan uku sun fahimci cewar wutar da ta kama gemun ɗayansu ba za ta bar sauran ba. Rundunar sarakunan ta fi yawa, ta fi dawaki da lifidi. Amma maharban masu jihadi da haɗin kansu sun rinjaye ta, sa'annan, kamar yadda aka ruwaito, janyewar Ciroma Ɗan Mama da mutanensa ta karya lagon sarki.

Bayan wannan kaye garuruwa suka riƙa miƙa wuya ɗaya bayan ɗaya. Alwali ya fice daga birnin da kakanninsa suka mulka, ya nufi Zazzau. A can bai samu tarbar da yake fata ba. Tarihin Kano ya ce mutanen Zazzau sun tuhume shi a kan dalilin barinsa gari, shi kuma ya amsa musu da cewar abin da ya fitar da shi daga Kano da wuya bai fitar da su daga Zariya ba, kuma tsoron ransa ne ya sa ya fito, ba don ya tsirar da iyali ko dukiya ba. Suka kore shi da baƙaƙen maganganu. Maganar tasa kuwa ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin a ƙarshen 1808 Malam Musa ya ci Zariya, Sarki Makau ya gudu kudu zuwa Zuba, daga bisani ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wanda a yanzu ake kira Suleja.

Daga Zazzau Alwali ya juyo zuwa Rano, daga nan ya wuce Burum-Burum. Zaɓen wannan wuri na da dalili. Kudancin Kano, daga Rano zuwa Tudun Wada har ya dangana da duwatsun Doguwa da Riruwai, yanki ne na tsaunuka da dazuzzuka, wanda ke da wuyar sha'ani ga mahaya doki, yana kuma kan iyaka da ƙasar Zazzau. Mai neman sake tara runduna ba shi da mafakar da ta fi wannan. Abin lura shi ne, garin da yayansa Babba Zaki ya taɓa ci da yaƙi shi ne ya zama masa mafaka ta ƙarshe.

Shugabannin jihadi sun san muddin yana raye ba su da kwanciyar hankali a birni. Don haka suka tura runduna ƙarƙashin Malam Bakatsine ta kewaye garin. An ruwaito cewar an shafe kwanaki 40 kafin a fasa ganuwar. A nan aka kashe Muhammadu Alwali tare da da yawa daga cikin waɗanda suka tsaya masa. Ɗansa Umaru ya tsira, ya nufi Damagaram.

Yadda aka san waɗannan shekaru

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, bai ba da shekarun hawa ko saukar sarakuna ba. Abin da ya ba da shi ne sunan kowane sarki, da na mahaifinsa da mahaifiyarsa, da tsawon mulkinsa. Baturen nan H. R. Palmer, wanda ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, shi ne ya yi lissafi da baya, yana ɗebe shekarun kowane sarki daga na wanda ya gaje shi, har ya kai ga 999. Saboda haka shekarun ƙarni na 18 da na 19 sun fi na farko-farko inganci, kuma ƙarshen mulkin Alwali na daga cikin turakun da aka ɗaure wannan lissafi a jikinsu. Waƙar Bagauda, wadda ita ma ta jera sarakunan Kano, ta saɓa wa littafin a wurare da dama wajen sunaye da tsawon mulki. Wasu masana na ganin an harhaɗa littafin ne a ƙarshen ƙarni na 19, a zamanin Sarki Muhammadu Bello.

A ƙasashe irin su Indiya, masu binciken tarihi na da rubuce-rubucen da aka sassaƙa a kan duwatsu da faranten tagulla, da kuma tsabar kuɗi masu ɗauke da sunayen sarakuna, waɗanda ke taimakawa wajen tantance shekaru. Idan aka jera tarihin ƙasashen biyu, ana iya ganin tsawon zamanin da gidan Bagauda ya ɗauka. A lokacin da aka ce Bagauda ya fara mulki, Rajaraja na daular Chola ne ke sarauta a kudancin Indiya, daga 985 zuwa 1014. An kafa daular Musulunci ta Delhi a 1206, gidaje biyar suka mulke ta kafin ta faɗi a 1526. Sarkinta Muhammad bin Tughluq, wanda matafiyin nan Ibn Battuta ya yi wa alƙalanci kafin ya ziyarci Mali, ya rasu a 1351, shekaru biyu bayan hawan Yaji na Ɗaya. Babur ya kafa daular Mughal a 1526, shekaru 27 bayan rasuwar Rumfa. An fara ginin Taj Mahal a 1632, Kutumbi na kan gado. A 1803 kuma sojojin kamfanin Birtaniya na Gabashin Indiya suka shiga Delhi, Sarki Shah Alam na Biyu ya koma ƙarƙashin kariyarsu, shekara guda kafin hijirar Shehu. Duk tsawon wannan lokaci zuriya guda ce ke riƙe da sarautar Kano.

Abin da ya biyo baya

Malam Sulaimanu, wanda aka zaɓa saboda iliminsa da tsoron Allah, shi ne ya zama sarki na farko a sabon tsari, ya kuma yi mulki har zuwa 1819. Da farko ba a Gidan Rumfa ya zauna ba, domin jama'a na ƙyamar duk wani abin da ya shafi tsohuwar fada. Daga baya ya shiga, bayan da aka nuna masa cewar mutanen ƙasa ba za su ɗauki wanda ba ya zaune a gidan a matsayin sarki ba.

Ibrahim Dabo, Basulluɓe, wanda ya gaje shi daga 1819 zuwa 1846, ya fuskanci tawaye a kusan kowace kusurwa, ciki har da na Ɗan Tunku, wanda ya kai ga kafuwar masarautar Kazaure. Domin ya daidaita al'amura, Dabo ya farfaɗo da yawancin sarautu da tsare-tsaren fada na zamanin Haɓe. Galadima da Madaki da Makama da Ciroma da Wambai duk sun ci gaba da wanzuwa, sai dai masu riƙe da su ne suka sauya. Zuriyar Dabo ce ke sarautar Kano har yau.

Kudancin Kano ya sake shiga tarihi a shekara ta 1903, lokacin da sojojin Birtaniya ƙarƙashin Kanar Morland suka taso daga Zariya, suka fasa garin Bebeji da igwa a kan hanyarsu, kafin su ci birnin Kano ranar 3 ga watan Fabrairu, shekaru 96 bayan faɗuwar Burum-Burum.

Masana tarihi sun bambanta wajen auna Muhammadu Alwali. Wasu na ganinsa a matsayin sarkin da ya yi jinkirin fahimtar girman abin da ya tunkaro shi, har ya bari abokan hamayyarsa suka yi ƙarfi. Wasu kuma na ganin ya gaji ƙasar da haraji da yaƙe-yaƙe na sama da shekara ɗari suka riga suka raba tsakanin fada da talakawa, da hakiman da kowanne ke duba maslahar kansa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, littafin da aka harhaɗa a ƙarƙashin mulkin waɗanda suka kayar da shi bai goge sunansa ba. Ya ajiye shi a gurbinsa na 43, tsakanin ɗan'uwansa Dauda Abasama da Malam Sulaimanu, a jeri guda da ya taso daga Bagauda.